Ɗigon Rawaya a Ƙarƙashin Motar Kimie

"To ni ina na san tsutsa tana magana?" in ji Onodera Kimie. "Na ɗauka tawada ce ta zame wa mai buga takardar."

"Tawada ba ta zamewa a gefen kuɗi, Kimie-san." Iwabuchi Shozo ya tura tabarau zuwa goshi, ya kawo takardar tallan dab da hancinsa. "Dubi nan. Gwajin mota, yen dubu tara da ɗari takwas, da jan rubutu ƙato wanda ake hangowa daga tsallaken titi. Sai wannan 'yar lanƙwasa a bayansa, siririya kamar gashin gira. Cewa take daga nan farashi ya tashi. Inda zai sauka kuwa ba ta faɗa ba."

"Ji shi, sai ka ce shi ya haife ta."

"Na dai girme ta. A zamanina ba a yi wa farashi wutsiya."

"A zamaninka ai ba ka ba da kyautar ko tsinke. Su kuwa kwalin tishu biyar suka ba ni tun ban sauko daga mota ba."

"Sun kyauta. Sun san za ki nemi abin share hawaye."

Oikawa Noriko ta danne dariya ta ƙara wa tsohuwar shayi. Ita ce ke riƙe da teburin koken masu saye a ofishin hukumar garinmu, can ƙarshen baranda a hawa na biyu, kusa da injin sayar da lemo. Wanda aka sayar wa katifar da ba ta kai yadda aka zuga ta ba, da wanda aka yi wa gyaran rufi na ƙarya, duk nan suke zuwa. Oikawa-san ta san doka, ta iya rubuta wasiƙar da ke sa manaja ya gyara zama, amma ba ta san bambancin salansa da lagireto ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Shi ya sa duk Talata da Juma'a ake ajiye wa Iwabuchi kujera a gefenta. Tsohon bakanike ne mai shekara saba'in da uku. Kuɗin bas kawai ake ba shi, shi kuwa a keke yake zuwa.

Ran nan Juma'a ce, tsakiyar Nuwamba, lokacin da ake cire doguwar albasa kafin ƙanƙara ta sauka. Kimie ta zaro takarda ta biyu daga jakarta ta shimfiɗa a tebur, ta goge ta da tafin hannu kamar hakan zai rage abin da ke ciki. Ta kai 'yar farar a-kori-kurarta gwajin da ake yi wa mota duk shekara biyu, a sabon garejin nan na bakin babban titi, saboda tallan da ta tsinta a cikin jaridar safe. Yanzu garejin na neman yen dubu ɗari da sittin da takwas. Ban da haraji da inshorar da kowa ke biya, an rubuta sabuwar salansa, da shakazoba biyu na baya, da fambel, da baƙin fentin hana tsatsa. Sun ce an gama aiki, kuma mota ba ta fita sai an biya.

"Ke kika ce su yi?" Oikawa ta tambaya.

"Ni ban ce ba. Wani ne ya kira ni a waya ina tsakiyar wankin albasa, hannuna duk laka. Yana ta zuba kamar rediyo, kalmomin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Ni kuwa ina cewa to, to, to."

"To guda nawa kika yi?" in ji Iwabuchi.

"Wa ya ƙirga? Mutum yana maka magana sai ka yi shiru kamar gunki? Ba haka uwata ta koya mini ba."

"Ke kin yi to ɗin ina jin ka, su kuma sun rubuta to ɗin na yarda. Kowane to ɗinki ya tafi da dubu ashirin."

Kimie ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta juya kofin shayin a hannunta sau biyu kafin ta yi magana.

"Ba kuɗin ne ya hana ni cin abinci ba, Shozo-san. Takuro ne."

Takuro ɗanta ne tilo, yana aiki a birnin Sendai. Da ya zo bikin tunawa da magabata a watan Agusta, ya zaunar da ita gaban hoton marigayi mijinta ya ce motar ta tsufa, ita ma shekara saba'in da shida ba wasa ba ce. Ya ce ranar da motar ta sake cin kuɗin da ya haura dubu ɗari, a sayar da ita, Kimie ta mayar da lasin tuƙi, ta komo wurinsu a bene hawa na tara. Sun ma riga sun gyara mata ɗaki.

"Me kika ce masa?" in ji Oikawa.

"To na ce." Ta sunkuyar da kai. "Kuma jibi Lahadi zai zo. In babu mota babu kai albasa kasuwar manoma, bas kuwa sau biyu yake biyowa ta wajenmu a yini. In babu kasuwa, me zan yi da gona? A hawa na tara me zan shuka, faski a gwangwani?"

Iwabuchi ya sake ɗaukar takardar. Ya daɗe a kan layi biyu, yana bin su da babban yatsa.

Duk wanda ya girma a garinmu ya san garejin Iwabuchi, ko da yake yau shekara uku ke nan ƙofarsa a rufe. Yana bayan tashar jirgin ƙasa, tsakanin mai tofu, wato awara, da wurin wankin kaya. Ni nake kai masa tukunyar gas gida, kuma ba ya barin mutum ya juya bai zauna ya sha shayi ba. Yawancin abin da na sani game da shi daga bakinsa na ji, sauran kuma daga bakin matarsa Fusako, wadda ke gyara masa labari daga kicin duk lokacin da ya ƙara gishiri.

Ɗan manomin shinkafa ne, na huɗu cikin 'ya'ya biyar, gonar kuwa ba ta isa a raba ba. Yana gama ƙaramar sakandare aka kai shi koyon aiki a wani gareji a birni. Ya ce shekara biyu cur bai taɓa injin ba, daga wanke sifana sai shara. Fusako ta ce shekara ɗaya ce da rabi. Yana da ashirin da bakwai ya dawo gida ya buɗe nasa, da jak ɗaya da akwatin kayan aikin da ta saya masa da albashinta na masaƙa.

A hunturunsa na biyu wani manomin tuffa daga kan tudu ya kawo mota tana zafi. Iwabuchi ya ce famfon ruwa ne, ya aika aka kawo sabo. Ranar motoci huɗu ne a gabansa, ga waya tana ta ƙara. Ya kwance, ya wanke, ya ɗaura, manomi ya biya ya tafi. Washegari da safe yana shara sai ga sabon famfon a cikin kwalinsa ƙarƙashin benci. Ashe tsohon ya wanke tas ya mayar.

Ya ce mini, "Na karɓi kuɗin mutum a kan abin da ban yi ba. Ai abin da ɓarawo ke yi ke nan. Bambancinmu kawai shi ya san ya yi."

Ƙanƙara ta toshe hanyar tudu a ranar. Ya saka famfon da sifanu a jakar goyo ya taka kilomita tara da ƙafa, ya canza shi a rumfar manomin. Mutumin bai ɗaga murya ba. Miya mai zafi ya sa aka kawo masa, ya cika masa jaka da tuffa, kuma Iwabuchi ya ce da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. A hanyar dawowa ya tsaya kanti ya sayi ɗan gwangwanin fenti rawaya.

Tun daga ranar, duk abin da ya canza a mota, sai ya ɗaure notin ƙarshe sannan ya tsoma kan ƙusa a fentin ya ɗiga a gefen notin. Ɗigo ɗaya mai kauri, kamar ƙwayar shinkafa. In babu ɗigo, aiki bai ƙare ba, ko da mai mota yana tsaye yana duba agogo. Ba don tsoron ɓarayi ya fara ba, don tsoron mantuwar kansa ne. Mutanen gari suka laƙaba masa Ɗigo-san, wato Malam Ɗigo, bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

"Har ni ya so ya ɗiga wa," in ji Fusako, "ranar da aka saka mini sabon haƙori."

Bai taɓa buga takardar talla ba. Kafin ya taɓa mota sai ya faɗi kuɗin aiki, in ya gama kuma ya ajiye tsohon ƙarfen da ya cire a kwali kan kujerar gaba, ko kana so ko ba ka so. Bai yi arziki ba, bai kuma rasa ba. Ya aurar da 'ya'ya mata biyu, babu wadda mijinta ke son warin baƙin mai, don haka da gwiwoyi suka ƙi durƙuso sai ya ja ƙofa ya rufe. Wata shida ya yi a gida yana bin Fusako daga kicin zuwa shanya, har ta ce ya zama jiƙaƙƙen ganye, in ya manne wa takalmi ko tsintsiya ba ta cire shi. Ita ce ta ga sanarwa a 'yar jaridar hukuma cewa teburin koke na neman wanda ya san mota. Ita ta cike takardar, shi hatimi kawai ya danna.

A teburin ya ga abin da bai gani ba a shekara arba'in da uku na gareji. Ya ce da ya ɗauka duk wanda ya kawo ƙarar bakanike gaskiya ce da shi, sai ya tarar rabinsu ba a cuce su ba, ba a dai yi musu bayani ba ne. Irin waɗannan yakan zana musu injin a bayan ambulan har su gane, su tafi suna cewa ashe haka ne. Sauran rabin kuma su ne ke sa shi ya koma gida bai cika surutu ba.

"Kimie-san," ya ce a ranar Juma'ar nan, yatsansa na kan takardar, "salansarki da shakazobanki ni na canza su, shekara huɗu da suka wuce. Kin tuna? Kin kawo mini kabeji uku kina neman ragi."

"Ka ci kabejin, ragin kuwa ban gani ba."

"Wato ƙarya suka yi?" in ji Oikawa, har ta ɗauki biro.

"Ban ce ba. Gishirin da ake zuba wa titi da hunturu don narkar da ƙanƙara yana cin salansa kamar gara, ba zan rantse a kan ƙarfen da ban gani ba. Gani ya kori ji. Kira su ki ce muna tafe bayan abincin rana."

Garejin tutoci muke ce wa wurin, saboda dogayen tutocin talla da aka jera tun daga kwanar titi, kowace ɗauke da farashin nan da 'yar wutsiyarsa. Ciki fes yake, da kujeru masu laushi da talabijin da kofi kyauta. Iwabuchi ya tsaya ya ƙare wa na'urar ɗaga mota kallo, irin kallon da manomi ke yi wa gonar maƙwabci in ta yi kyau.

"Da ina da irin wannan," ya ce ƙasa-ƙasa, "da gwiwoyina na nan da ransu."

Manajan, Kumagai, mutum ne da bai wuce arba'in ba, rigar aikinsa a goge. Ya rusuna, ya miƙa wa kowa katinsa da hannu biyu, ya ce sun yi matuƙar baƙin ciki da damuwar da aka samu. Amma, in ji shi, a rubuce yake cewa an kira Onodera-san ranar Laraba da ƙarfe goma da kwata, an yi mata bayanin kowane aiki, ta amince.

"Akwai takardar ƙiyasin kuɗi da ta sa wa hannu?" in ji Oikawa.

"A waya aka yi, don kada mu wahalar da ita da zuwa."

"To tsofaffin kayan da aka cire fa?"

"Mai kwashe ƙarafa ya zo jiya da safe, abin takaici."

"Yakan zo da wuri, mutumin nan," in ji Iwabuchi. "Duk garejin da na je sai in tarar ya riga ni. Kumagai-san, ka yi wa tsoho alfarma ka ɗaga motar in ba idona abinci. Na yi kewar ƙarƙashin mota."

Kumagai ya ce babu komai. Aka ɗaga a-kori-kurar sama. Ƙarƙashinta baƙi wuluk, tun daga gaba har baya, yana sheƙi kamar sabon takalmin makaranta. Salansa, shakazoba, ƙarafan gindi, duk launi ɗaya. Kimie ta ɗaga kai ta duba, kafaɗunta suka sauka.

"Sababbi ne," ta ce a hankali. "Shi ke nan. Bari in je in fara haɗa kaya."

"Tsaya tukuna, sarkin gaggawa."

Iwabuchi ya shiga ƙarƙashin motar da 'yar tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa. Kumagai ya miƙa masa tocila, ya ce a'a, idonsa ya daina aiki a irin wannan wuri. Ya cire safar hannu ya cusa a aljihu, ya ɗaga hannu ya kama wuyan salansar inda ta haɗu da bututu. Ya lumshe ido. Babban yatsansa ya zagaya notin sannu a hankali, ya wuce, ya dawo, ya tsaya.

"Kimie-san, kina da kwabo? Ko na yen biyar ne."

"Ka ga mutum, ko a nan sai ya karɓi kuɗina." Ta tona jaka ta ba shi kwabon yen biyar, mai huji a tsakiya.

"Kumagai-san, zan ɗan kankare fentinka wuri kaɗan, bai kai farce ba. Ka yarda?"

Manajan ya ce to. Iwabuchi ya sa gefen kwabon ya kankara sau uku. Baƙin fenti ya ɓare, sai ga ɗigo rawaya, mai kauri, kamar ƙwayar shinkafa. Ya matsa baya wurin shakazoban hagu, ya lalubo, ya kankara, rawaya. Na dama ma haka.

Kimie ce ta fara magana. "Ɗigo-san!" ta ce da ƙarfi, har masu aiki a ɗaya gefen suka waigo. "Kai ne a can ciki!"

"Ni ne. Shekara huɗu ina maƙale a nan ina shan gishirin titi." Ya juya wurin manajan. "Fentina ne wannan, Kumagai-san. Tun ba a haife ka ba nake ɗiga shi. Sabon ƙarfe daga masana'anta ba ya zuwa da shi."

Kunnuwan Kumagai suka yi ja. Iwabuchi bai tsaya kallonsa ba, ya sa aka ɗan sauke motar ya leƙa injin.

"Fambel sabo ne, kuma an ɗaura shi daidai. Wanda ya yi aikin ya iya, a biya shi. Fentin ma ba laifi, motar ƙauye tana buƙata." Ya koma wajen tayar gaba ta dama, ya lanƙwasa wani ɗan baƙin tiyo da yatsu. "Amma zo ka ga wannan. Tiyon birki ya fara tsagewa. Shi ne abin da zai iya kashe ta a gangaren kasuwa, shi ne kuma babu a takardarku."

Iwabuchi ya goge kwabon a wandonsa ya mayar wa Kimie, sannan ya yi magana da muryar da ba ta wuce su huɗun ba.

"Ni ma na taɓa karɓar kuɗin famfon da ban saka ba. Washegari na tsince shi a kwali ƙarƙashin benci. Mantuwa tana faruwa in aiki ya yi yawa. Ka je ka duba, wataƙila abin da ya faru ke nan."

Kumagai ya rusuna ya shige ofis. Oikawa ta harari tsohon.

"Mantuwa? Har guda uku, da fenti a kai?"

"Ƙofa na buɗe masa, Oikawa-san. In ka matse mutum a lungu, faɗa zai yi, motar kuma ta kwana a nan har Lahadi ta wuce. Ya fita da mutuncinsa, amma ban ce ya fita da kuɗin mutane ba. Wannan ɓangarenki ne."

"Da ma ban ce na bar maka ba."

Bayan kamar minti goma Kumagai ya dawo da sabuwar takarda. Ya rusuna wa Kimie har ana ganin tsakiyar kansa, ya ce kuskure aka yi wajen rubutu, an cire salansa da shakazoba, mota tata ce yanzu-yanzu. Oikawa ta karɓi takardar ta karanta layi-layi ba ta gaggawa. Ta ce masa za ta rubuta abin da ta gani yadda ta gan shi. Ta ce ya binciki duk motocin da aka rubuta wa irin wannan aiki tun bazara, ya sanar da ita kafin Juma'a mai zuwa, takardar tallan kuma za ta aika da ita ofishin lardi su duba ko farashin da babu wanda ya taɓa biya ya cancanci wannan jan rubutu. Duk da murmushi ta faɗa. Kumagai ya ce ya ji.

Sannan ya juya wurin Kimie. "Tiyon birkin kuma, Onodera-san, ki bari mu canza miki kyauta, a matsayin ban haƙuri."

"To..." Kimie ta fara. Sai ta tsaya, ta dubi Iwabuchi, shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin rufi. Ta gyara riƙon jakarta. "A'a. Faɗi nawa ne, ka rubuta a takarda, in karanta da tabarau, in biya. Kyautarku tana da wutsiya."

Aka rubuta, ta karanta har sau biyu. Duka-duka da tiyon da haraji da komai bai kai dubu sittin ba. Iwabuchi ya ja kujera ya zauna inda yake ganin hannun mai aikin har aka gama. Da suka zo fita Kumagai ya raka shi bakin ƙofa, ya ce da shi a hankali cewa daga sama ake yanka musu abin da za su kawo duk wata.

"Na sani," in ji Iwabuchi. "Amma su ba sa taɓa motar. Hannunka ne ke taɓawa." Ya taka waje, ya waigo. "Gwangwanin fenti ba shi da tsada. Mai kantin bakin tasha yana sayarwa."

Daga baya aka samu wasu tsofaffi uku da aka yi wa irin wannan kuskuren rubutu, aka mayar musu da kuɗinsu. Tutocin suna nan har yau, sai dai an canza rubutun, farashin ya ƙaru, wutsiyar ta ɓace. Ko Kumagai ya sayi fentin, ban sani ba.

Ranar Talatar da ta biyo bayan Juma'ar nan, da misalin ƙarfe tara, Iwabuchi yana jingine kekensa a gaban ofishin hukuma, sai ga farar a-kori-kura ta shigo ta tsaya a karkace, ta cinye wurin mota biyu. Kimie ta sauko da takalmin roba, ta dawo daga kasuwa.

"Har yanzu ba ki iya ajiye mota ba," in ji shi.

"Har yanzu ba ka iya gaisuwa ba."

"Ina labarin Lahadi?"

"Takuro ya zo da matarsa da kwalaye na haɗa kaya, ka ji rashin ta-ido. Na ajiye masa takardar a gabansa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ai bai kai dubu ɗari ba. Na ce alkawari alkawari ne, kai ka yanka. Sai ya fara, Mama, duk da haka ki yi tunani, hawa na tara akwai lif mai kai mutum sama, akwai asibiti kusa, yana ta zuba kamar mutumin waya."

"Kika ce to."

"Na ce a'a. Sau ɗaya tak. Ya dube ni kamar kare ya yi magana." Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Mun dai yi da shi duk shekara zan je a gwada idona, ranar da likita ya ce in sauka zan sauka. Kwalayen kuwa na cika musu da kabeji suka tafi da su."

Ta zagaya bayan mota ta ɗauko ƙaton damin doguwar albasa a naɗe da jarida.

"Ba ma karɓar kyauta a teburin koke, Kimie-san. Oikawa-san za ta cinye ni ɗanye."

"Wa ya ce kai na kawo wa? Na Fusako ne. Kekenka kawai zan ara." Ta cusa damin a kwandon keken, lawashin ya yi sama kamar tuta. "Ka ce mata ta yi miya, kada ta ba ka."

Taga ta buɗe a hawa na biyu, Oikawa ta leƙo.

"Iwabuchi-san! Akwai wani direban tasi tun takwas da rabi yana jira. Ya ce an canza masa batir sau biyu a wata uku, motar na can baya."

"Ya taɓa zuwa garejina?"

"Ya ce bai san ka ba."

"To babu ɗigo ke nan, sai an yi aiki da ido." Ya sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci, ya laluba aljihu ya tabbatar safar hannunsa na ciki. "Ki kula da gangaren kasuwa, Kimie-san, sabon tiyo ba lasin gudu ba ne."

Bai jira amsarta ba. Ya bi ta gefen ginin zuwa wurin ajiye motoci, yana ɗan ɗingisawa, yana naɗe hannun riga.